Mene Ne Jelkot, Kuma Me Ya Sa Fesa Shi Ya Bambanta da Fesa Fenti?

Duk wanda ya taɓa shafa hannu a jikin jirgin ruwa na fiba, wato wanda aka ƙera da zaren gilashi, ya ji santsin nan mai sanyi kamar tangaran, to jelkot ya taɓa. Mutane da yawa fenti suke ce masa, kuma daga wannan suna ne yawancin ɓarnar take farawa, domin wanda ya ɗauke shi fenti zai yi masa irin aikin fenti, shi kuwa ba zai yarda ba.

Jelkot roba ce mai ruwa-ruwa, dangin rezin ɗin foliyesta, wadda aka zuba wa launi, aka kuma ƙara mata kauri don kada ta riƙa gangarowa idan an fesa ta a tsaye. Ita ce fatar jirgi. A ƙarƙashinta akwai zaren gilashi da aka jiƙa da rezin, wanda shi ne ƙashi da naman jirgin, amma ba ya son ruwa ya riƙa ratsa shi, ba ya kuma jure zafin rana shekara da shekaru. Jelkot ne yake tsaya masa. A masana'anta ma aikin a baibai ake yin sa: sai a shafe cikin mazubin da ake ƙera jirgin a ciki da kaki don kada ya manne, a fara fesa jelkot, sannan a bi bayansa da shimfiɗar zaren gilashi. Idan aka zare jirgin daga mazubi, abin da aka fara fesawa shi ne ya koma waje yana ƙyalli. Wato kwalliyar ta riga jikin zuwa duniya.

Babban bambancinsa da fenti na gama-gari shi ne, fenti bushewa yake yi, tina, wato ruwan tsarma shi, ta tashi ta bar launi. Jelkot kuwa daskarewa yake yi. Sai an ɗiga masa wani sinadari mai suna MEKP, wanda masu sana'a ke ce wa hadna, sannan zai fara ɗaurewa daga ciki har ya zama roba mai tauri. Awon da aka saba shi ne kashi 1.5 zuwa 2 cikin 100, wato kimanin mililita 15 zuwa 20 a kowane kilo guda. Da sirinji ake auna wannan, ba da ido ba. Idan hadna ta yi kaɗan, jelkot zai zauna da laushi, ba zai taɓa yin taurin da ake so ba. Idan ta yi yawa, zai kama da gaggawa, launi ya canza, ƙananan ramuka su fito.

Daga lokacin da hadna ta shiga kofi, an fara ƙirga maka mintuna. A yanayi mai ɗumin digiri 25, abin da kake da shi bai wuce minti 10 zuwa 20 ba. In zafi ya fi haka, lokacin ya ragu. In sanyi ya sauka ƙasa da digiri 15, daskarewar ba ta tafiya daidai. Na taɓa tsayawa kusa da wani mai gyaran jirgi da ya kwaɓa cikakken kofi, sai ya ga tef ɗin da ya liƙa a gefe ya ɗago, ya ajiye bindigar feshin don ya gyara. Da ya dawo ya ɗauka, kofin ya yi ɗumi a tafin hannunsa, feshin ya fara fita da gudaji-gudaji, sannan ya tsaya cak. Kafin ya kwance bakin bindigar, abin da ke ciki ya zama kamar ɗanyen ƙaro. Ya kwana yana sassaƙar allurar cikin bindigar da ƴar wuƙa. Ɗumin kofin nan shi ne gargaɗi na ƙarshe. Shi ya sa gwanaye suke kwaɓa kaɗan-kaɗan, su gama duk wani shara da liƙe-liƙe tukuna, asiton kuma, wato sinadarin wanke bindiga, yana buɗe a gefe tun kafin a fara.

Ita bindigar feshin ma ba kowace ba ce. Ta fentin mota bakinta ƙarami ne, kamar milimita 1.3 ko 1.4, jelkot kuwa ya yi mata kauri. Ana neman baki mai faɗin milimita 2 zuwa 2.5, ko ma fiye. Akwai kuma bindiga ta musamman mai kofin da ake yarwa bayan an gama, ba ta da lunguna da yawa da abu zai maƙale. Feshinta bai kai na ta mota laushi ba, amma wanke ta ba ya cin rai.

Nan ne jaraba take shigowa. Mutum ya ga abu ya ƙi fita, sai ya kai hannu ga asiton ya tsarma shi. Ni dai ban ga hikimar hakan ba. Asiton ba ya shiga cikin ɗaurin robar, neman hanyar fita yake yi, kuma duk inda ya bi ya fita sai ya bar rami ƙanƙane kamar na tsinin allura, fatar ta rasa ƙarfi da ƙyalli. In dole sai an tsarma, akwai ruwan da aka yi musamman don wannan aiki, ko sitayirin ɗan kaɗan, wanda dama yana cikin jelkot ɗin tun asali. Ko shi ɗin in ya yi yawa, fari yakan koma ruwan ɗorawa bayan ya sha rana. Gara a ƙara faɗin bakin bindiga da a lalata abin da ake fesawa.

Sai maganar kauri, wadda a ganina ita ce zuciyar sana'ar. Abin da ake nema kimanin rabin milimita ne, wato ninki huɗu ko biyar na fentin da ke jikin mota. Lissafin mai sauƙi ne: lita guda za ta rufe murabba'in mita 2 kacal, ban da wanda iska ta kwashe. Wanda ya saba da fenti yakan ji kamar ana almubazzaranci, sai ya yi rowa. Amma jelkot siriri ba ya daskarewa da kyau, kuma idan aka ɗora masa wani a kai sai ya yamutse ya yi tamoji kamar fatar kada. Wanda ya wuce kima kuma yakan gangaro, bayan wani lokaci ya tsattsage kamar saƙar gizo, musamman a kusurwoyi da inda jirgi ke lanƙwasa idan igiyar ruwa ta buge shi. Akwai ɗan ƙarfe mai haƙora kamar mataji da ake dangwalawa a ɗanyen feshi ya nuna kaurin. Ƙaramin abu ne, amma ya fi idon kowane gwani gaskiya. Ba a neman kaurin nan a zubi ɗaya. Sau uku ake bi, hannu yana tafiya a miƙe, bakin bindiga yana fuskantar jikin jirgi sosai ba a karkace ba, kowane layi yana hawa rabin na baya.

Akwai wata ɗabi'a ta jelkot da take ruɗa sabon shiga: ba ya son iska. Fuskar da ta taɓa iska takan zauna da danƙo ko da cikin ya yi tauri. A cikin mazubi ba a ganin wannan matsala, tunda fuskar waje tana manne da mazubin, ta ciki kuma danƙonta ma alheri ne, shi ke kama zaren gilashi. Amma mai gyara a fili yake feshi. Don haka ko dai ya zuba ruwan kaki a zubi na ƙarshe, kakin ya taso sama ya rufe fuskar, ko ya bi da feshin wani ruwa mai suna PVA wanda ke yin yana a sama, daga baya a wanke shi da ruwa. A zubi na ƙarshe kawai ake sa kakin. In ya shiga na farko har ya daskare, na biyu ba zai kama ba sai an kankare.

Iskar kwamfuresa kuma dole ta zama busasshiya, ba ruwa ba mai. Ɗigon ruwa ɗaya a cikin tiyo ya isa ya zana ramuka a faɗin wurin da aka wuni ana shiryawa. Haka nan jelkot ba ya kama jikin efoksi, wani nau'in rezin daban, da kyau, don haka a san da me aka yi facin da ke ƙasa.

Lafiyar jiki ba abin wasa ba ce a nan. MEKP na iya makantar da ido in ya fantsama, saboda haka tabarau mai rufe ido gaba ɗaya wajibi ne. Ƙyallen rufe hanci ba ya tare tururin sitayirin. Sai takunkumi mai matatar sinadarai, a wurin da iska ke shiga tana fita, nesa da wuta da sigari. Ragowar da ta saura a kofi kan yi zafi har ta yi hayaƙi, kada a jefa ta cikin tsummoki.

Ko an yi komai daidai, kada a sa ran ganin madubi da zarar an ajiye bindiga. Jelkot ɗin da aka fesa a fili da ƙurji-ƙurji yake fita kamar ɓawon lemo, kuma haka halinsa yake. Bayan ya kwana ya yi tauri sai a hau shi da samfefa da ruwa, a fara da lamba 400 ko 600, a bi ta 1000, a kai 1500 ko 2000, ana sa katako mai laushi a bayan samfefar don kada yatsu su yi kwari. Sannan a bi da man gogewa da inji. Kowace samfefa tana cin nata rabon, shi ya sa mai gyara yakan ƙara ɗan kauri tun wajen feshi, ya kuma sassauta hannu a kan gefuna, inda fatar ta fi saurin ƙarewa har duhun fiba ya leƙo.