Tirelar "biya ka mallaka" a Amurka: abin da doka ta ba direba, da inda ta yi shiru

Duk wanda ya san yadda ake ba matashi a-daidaita-sahu a Kano yana kawo balas har ya gama biya ta zama tasa, ya riga ya fahimci rabin wannan harka. A Amurka ma kamfanonin dakon kaya suna yi wa direbobi irin wannan tayi: karɓi tirela ba tare da ka ajiye ko sisi ba, a riƙa cire kuɗinta daga abin da ka samu kowane mako, bayan 'yan shekaru ta zama taka. Bambancin shi ne mai a-daidaita shi yake neman fasinjansa a titi, shi kuwa direban tirela, kamfanin da ke bin sa bashi shi ne kuma yake ba shi lodi.

Yawanci takardu biyu ake sa wa hannu. Ta farko, kai ka yi hayar motar daga kamfanin ko wani reshensa. Ta biyu, ka mayar masa da motar haya, kai kana tuƙawa a matsayin ɗan kwangila, ba ma'aikaci ba. Dokar tarayya da ke sashe na 376 na kundin dokokin sufuri (49 CFR), wadda FMCSA, hukumar tarayya mai sa ido kan manyan motocin dakon kaya, ke kula da ita, takarda ta biyun ta fi shafa.

Me ta tanada? Dole yarjejeniyar ta kasance a rubuce, ta faɗi ranar farawa da ta ƙarewa, da yadda za a lissafa kuɗinka. Da zarar ka miƙa takardun shaidar sauke kaya, dole a biya ka cikin kwana 15. Idan kaso ake ba ka daga kuɗin lodi, kana da haƙƙin ganin takardar da ke nuna nawa mai kaya ya biya, don kada a ce maka dala 2,000 ce alhali ta fi haka. Duk abin da za a zaftare maka, inshora ce, tayoyi ne, mai ne, sai an rubuta shi tun farko tare da yadda ake lissafinsa. Haka nan ba za a tilasta maka sayen kaya ko wata hidima daga kamfanin a matsayin sharaɗin aiki ba.

Sai kuɗin ajiya da ake tarawa don gyara. A nan aka fi cutar mutane. Doka ta ce a faɗi adadinsu da abin da za a iya kashe su a kai, a riƙa ba ka bayanin shiga da fitarsu, sannan idan kun rabu a mayar maka da ragowar cikin kwana 45. Wanda aka take masa waɗannan haƙƙoƙi yana iya kai ƙara kotu. A 2019 ma Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar kamfanin New Prime da direba Dominic Oliveira, ta ce dokar tarayya ta sasanci, wato warware rikici a wajen kotu, ba za ta hana direban dakon kaya tsakanin jihohi zuwa kotu ba, ko da an kira shi ɗan kwangila.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Babu inda dokar ta ce dole a ba ka lodi isasshe. Kuɗin mota kuwa ba ya jira: ko ka yi tafiya ko kana kwance a gareji, za a cire. Shi ya sa wasu direbobi ke ƙare mako da bashi maimakon albashi. Kuma muddin ba ka biya na ƙarshe ba, takardar mallakar motar ba ta ɗauke da sunanka. In ka bari a shekara ta uku, a yawancin yarjejeniyoyi abin da ka biya ya tafi a matsayin haya. Kwamitin da dokar gina ababen more rayuwa ta 2021 ta sa aka kafa ya binciki harkar, kuma a rahotonsa na Janairun 2025 ya ba Majalisar Dokokin Amurka shawarar a haramta ta gaba ɗaya. Shawara ce dai, ba doka ba.

A ganina tambaya ɗaya ta fi sauran nauyi, kuma ita ce masu tallan ba sa son ji: in na bar kamfaninku, zan iya tafiya da motar in ci gaba da biya ina ɗaukar lodin wani? Idan amsar a'a ce, to ba mota kake saye ba, kanka ka jinginar. Bayan wannan ka tambayi ko akwai dunƙulen kuɗi da za a nema a ƙarshe, da nawa ne, wa zai biya in inji ya buga, kuma mutum nawa ne suka taɓa kammala biya a wurinsu. Ka karɓi takardun biyu ka tafi da su gida, ka kai wa lauya ko akawun da ya san harkar tirela, ka kuma kwatanta jimillar abin da za ka biya da farashin irin wannan mota ta hannu a wurin dillali.