Ma'anar "Black Wall Street": kasuwar da wariyar launin fata ta haifa

Duk mai bibiyar tarihin baƙaƙen fatar Amurka ba zai rasa cin karo da sunan "Black Wall Street" ba. Shi Wall Street titi ne a birnin New York inda kasuwar hannayen jari da manyan bankuna suke, sai aka ari sunansa aka laƙaba wa unguwannin da baƙaƙen fata suka kafa kasuwancinsu a zamanin dokokin Jim Crow, wato dokokin jihohin kudu da suka raba fari da baƙi a makaranta da jirgin ƙasa da gidan abinci har da maƙabarta. Kotun Ƙolin Amurka ta halasta wannan wariya a 1896, ba a kuma haramta ta a wuraren jama'a ba sai a 1964.

An fi sanin sunan da unguwar Greenwood ta birnin Tulsa, wadda gungun fararen fata suka ƙone a 1921. Amma wanda yake son ya fahimci yadda irin wannan kasuwa take tasowa, garin Durham na jihar Karolina ta Arewa, inda kasuwar baƙaƙen fata ita ma ta samu wannan suna, shi ya kamata ya duba, domin gari ne na masana'antun taba da masaƙun auduga. Masaƙun sun keɓe yawancin aikin inji ga fararen fata, su kuwa baƙaƙen fata, musamman mata, an bar musu aikin zare jijiyar ganyen taba da hannu, cikin ƙura da zafi, a kan lada kaɗan. Wannan ɗan ladan shi ne jarin kasuwar gaba ɗaya. Tun da shagon fari ba ya maraba da su, ko kuma yakan sallame su ta ƙofar baya, sai kuɗin ya riƙa komawa unguwarsu ta Hayti, wajen mai aski da mai gyaran gashi da tela da mai sayar da abinci da mai shirya jana'iza.

A nan ne nake ganin sunan yana iya ruɗin mai karatu, domin yana sa a zaci attajirai ne zaune cikin dogayen benaye, alhali ƙashin bayan abin ƙananan shaguna ne. Hatta babban kamfanin da ya fito da sunan Durham, shi ma daga ƙasa ya tashi. John Merrick, wanda aka haifa cikin bauta, mai aski ne da yake yi wa attajiran garin aski, ciki har da iyalan Duke masu kamfanin taba. A 1898 shi da likita Aaron Moore da wasu abokansu suka kafa kamfanin inshorar North Carolina Mutual, daga baya C. C. Spaulding ya riƙe ragamarsa. Wakilan kamfanin sukan bi gida-gida kowane mako suna karɓar 'yan kwabbai daga ma'aikata, don idan mutum ya rasu a samu abin yi masa sutura ba tare da roƙo ba. A 1908 bankin Mechanics and Farmers ya buɗe a titin Parrish, ya fara bai wa masu shaguna da masu neman gida rancen da sauran bankuna suke hana su. Bankin yana aiki har yau.

Ƙarshen Hayti ya zo ta fuska biyu. Da aka soke wariya, masu saye suka samu damar shiga manyan kantunan da a da aka hana su, ciniki ya ragu a unguwar. Sannan tun daga shekarun 1960 hukumomi suka rushe gidaje da shaguna da sunan sabunta birni, suka ratsa babbar hanyar mota ta tsakiyar unguwar, masu shaguna da dama kuma ba su sake buɗewa ba.