Tayar da fuskar hoto bayan sabon girkin Linux

Fuskar hoto ita ce tagogi da gumaka da kibiyar linzami da mutum ke gani a allon kwamfuta. A Windows haɗe take da babbar manhaja, amma a Linux kayan ƙari ce. Shi ya sa akan gama girki, a sake kunna na'ura, sai a tarar da baƙin allo yana neman suna da kalmar sirri. Ba lalacewa ba ce. An yi gini ne ba a yi yaɓe ba.

Hawa huɗu ne. A ƙasa akwai direban katin hoto. Sai sabar nuni, manhajar da ke zana tagogi a allo: ko tsohuwar X, wadda aka fara a jami'ar MIT ta Amurka a 1984, ko Wayland da aka soma a 2008. A kanta manajan shiga yake, wato allon da ke karɓar suna da kalmar sirri, kamar LightDM, GDM ko SDDM, sannan teburin kansa: GNOME, KDE Plasma, Xfce ko LXQt. Ga tokumbon da ɗalibai ke saye a Sakkwato mai RAM gigabayit 4, Xfce ta fi dacewa. GNOME nauyi gare ta.

A Debian, ɗaya daga cikin nau'ikan Linux, bayan an shiga, a haɗa intanet. Idan Wi-Fi bai tashi ba, a jona waya da kebul a raba data ta USB. Sai a yi amfani da apt, mai girka manhajoji: a rubuta apt update, a bi da apt install task-xfce-desktop. Saukarwar kan ci ɗaruruwan megabayit, don haka masu dabara kan jira datar dare. Daga nan systemctl get-default zai nuna inda na'ura ke tsayawa. In ya ce multi-user.target, wato allon rubutu kawai, a ba da systemctl set-default graphical.target, a sake kunnawa.

Matsalar da ta fi kama tsofaffin na'urori ba ta hoto ba ce ma. Ƙaramin batirin agogo, CR2032, in ya mutu, kwanan wata kan koma shekarun baya, sai apt ya ƙi karɓar jerin manhajoji, ya ce lokacinsu bai yi ba. A duba da umarnin date, a gyara, a canza batirin. Ta biyu ɗauke wuta ana tsakiyar girki, ga batirin laftof ba ya riƙe caji. Maganinta dpkg --configure -a, sannan apt --fix-broken install. Ba sai an goge komai an faro ba, kodayake wasu masu gyara can suka fi saurin nufa.

Idan allo ya yi baƙi ƙirin bayan GRUB, menu ɗin da ke fara fitowa in an kunna na'ura, galibi direba ne. A danna e a menu na GRUB, a ƙara nomodeset a ƙarshen layin da ya fara da linux, a danna F10. Wannan ɗaurin wucin gadi ne, hoton zai fito manya-manya. Da Ctrl+Alt+F2 ake komawa allon rubutu. Umarnin lspci zai faɗi irin katin, journalctl -b kuma abin da ya faru, haka layukan da ke ɗauke da EE a /var/log/Xorg.0.log. Katin Intel da AMD ba su cika gardama ba in akwai famwaya (firmware), ƙaramar manhajar da katin ke buƙata, wadda Debian 12 ta 2023 ta fara sakawa cikin faifan girkinta. Nvidia ce mai taurin kai: direbanta na kamfani ba ya loduwa in Secure Boot, tsaron da ke tantance abin da zai lodu, na kunne kuma ba a sa wa direban hannu na dijital ba.

Wani lokaci a sa kalmar sirri daidai, allo ya ƙifta ya dawo wurin shiga. Ko faifai ya cika, wanda df -h zai nuna, ko fayil ɗin .Xauthority ya zama mallakar root, babban asusun na'ura, saboda an taɓa kiran startx, mai tayar da X, da sudo, wato da ikon root. A goge fayil ɗin, zai sake haifar kansa.

Mai rubutu da Hausa a kan X zai sami ƙ da ɗ da ɓ da umarnin setxkbmap ng -variant hausa.