Waiwaye: Alau, ƙauyen bakin tafki, da yadda ruwansa ya kai ga cin Maiduguri

Tun daren 9 ga Satumba 2024, wayewar garin 10 ga wata, da ruwa ya fi ƙarfin madatsar Alau ya malale cikin Maiduguri, muhawara ba ta lafa ba. Wasu na cewa damina ce ta zo da abin da ba a saba gani ba, wasu na cewa madatsar ce ta tsufa. Da aka amince da kashe naira biliyan 80 a 2025 domin sake gina ta, sai zancen ya koma kan kankare da ƙofofin ruwa. Ƙauyen da tafkin ya ci sunansa kuwa, da mutanen da ke kwana suna tashi a gaɓarsa, da wuya a ji an ambace su, alhali a wurinsu ne ake iya ganin yadda abin ya taru sannu a hankali.

Alau na ƙaramar hukumar Konduga, kimanin kilomita 20 kudu maso gabas da Maiduguri, a gefen hanyar Bama. Akwai tafki a wurin tun kafin a yi tunanin madatsa. Masana tarihin Borno ma na cewa a nan aka binne Mai Idris Alauma, sarkin da ya yi zamani a ƙarshen ƙarni na 16. Kanuri da Larabawan Shuwa ne tsofaffin mazauna yankin, masunta Hausawa suka zo suka tarar da su. Bayan farin shekarun 1970 da na 1983 zuwa 1984, aka datse kogin Ngadda tsakanin 1984 da 1986, aka samar da tafki mai ɗaukar ruwa kimanin mita kubik miliyan 112, domin ruwan shan birni da noman rani. A Satumban 1994 ruwa ya ci Maiduguri, a 2012 ma an taɓa. Wannan kowa ya sani.

Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne shekarun da suka biyo bayan datsewar, lokacin da kogin ya daina bin kalandarsa ta asali.

Ngadda kogin damina ne. Ruwansa na tasowa daga kogunan Yedzeram da Gombole, ya ratsa fadamar Sambisa, ya zo Alau, ya keta tsakiyar Maiduguri, sannan ya baje a kwarin Jere, inda ake noman shinkafa tun kaka da kakanni. Kowace shekara, wajen Agusta zuwa Oktoba, ruwan kan hau ya sauka, kuma wannan hawa da sauka na yin aiki biyu ba tare da kowa ya biya ba. Yana kwashe laka ya kai ta gonakin Jere ta zama taki. Yana kuma shata iyaka: duk wanda ya ga inda ruwa ya tsaya bara, ya ga shara maƙale a reshen bishiya, ba sai an hana shi kafa tubali a ƙasa da nan ba.

Da aka datse kogin, aikin nan biyu suka tsaya. Ruwa mai gudu yana riƙe da laka da yashi, amma da zarar ya shiga tafki ya yi sanyi, sai ya sauke kayansa. Yashi mai nauyi ya zube a bakin shiga, laka mai laushi ta bazu har gindin bango. Kowace damina tana ƙara nata. Saboda haka adadin miliyan 112 da ake ta maimaitawa adadin ranar da aka gama gini ne. Tafkin da cikinsa ya cike da laka yakan cika da wuri, kuma ruwan da a da zai tsaya a ciki dole ya nemi hanyar fita a cikin 'yan kwanaki.

A daidai wannan lokaci sana'ar mutanen gaɓa ta sauya, kuma babu mai ganin laifinsu, domin abinci suka bi. Tafki mai ruwa har bazara a ƙasar da rani ke wata bakwai zuwa takwas arziki ne babba. Masunta suka ƙaru, ana sa kalli da gura da mamari, ana kama tarwaɗa da karfasa a kai kasuwannin birni. Manoma kuma suka koma bin ruwa: yana ja da baya daga Nuwamba, suna shiga damshin da ya bari suna dasa tumatir, albasa, tattasai, attarugu da latas. Da ƙananan injinan ban ruwa masu bakin inci biyu ko uku suka yawaita, gonaki suka hau har kan tudu. Matsalar ita ce wannan fili da ake kaftu a kai shi ne cikin tafkin kansa. Ƙasar da aka sassaɓe, aka tuge ciyawarta, aka yi mata kunya-kunya, ruwan farko na Yuni ke wanke ta ya zuba a tafki. Ga garken shanu da ke sauka shan ruwa ta hanya ɗaya kullum, har kofato ya sare gaɓa ta zama kwazazzabo. Ga kuma masu saran itace da birni mai girma ke jira da murhu.

A can ƙasa, cikin gari, kogin da ya kan yi wata da watanni a bushe ya fara kama da fili. Aka riƙa ɗiban yashi, ana zuba shara, ana matsowa da gini taku-taku a Gwange, Fori, Galtimari da Gamboru. Yaron da aka haifa bayan 1994 ya girma da wuya ya ga iyakar ruwan da idonsa.

Rikicin tayar da ƙayar baya ya zo ya ƙara dagula lissafin. Daga wajen 2013 zuwa 2014 ƙauyukan Konduga da dama suka watse, mutanensu suka kwarara Maiduguri, da yawa suka sami matsuguni a filayen da suka fi araha, wato na bakin kogi. Gaɓar tafkin kuma ta rasa idanun da suka san ta. Wannan ba ƙaramin rashi ba ne, domin bangon madatsa da aka yi da ƙasa yana ba da alama kafin ya karye. Ruwan da ke tsattsafowa a bayansa in garau yake, da sauƙi. In ya fito da launin ƙasa, to yana cin bangon ta ciki ne, kuma ramin zai yi ta faɗi. Ramin gafiya, gidan gara, saiwar bishiyar da ta mutu ta ruɓe, duk hanyoyi ne da ruwa ke bi. Tsagewa a tsawon saman bango na nufin gefe ɗaya na zamewa. Duwatsun da aka jera a fuskar bango don kare shi daga dukan igiyar ruwa, in suka zube, ƙasa ce ke biye. Masunci da ke wucewa a kwalekwale da asuba, ko manomin da gonarsa ke gindin bango, shi ke fara ganin irin wannan ya kai wa bulama, wato mai gari, labari.

Lokacin da ruwan 2024 ya zo, ya tarar da tafki mai ƙarancin ciki da kogi mai ƙuntatacciyar hanya. Ya shiga fadar Shehu, Kasuwar Monday, asibitin koyarwa da gidan namun daji na Sanda Kyarimi, ya raba dubban ɗaruruwan mutane da gidajensu. Mutanen Alau kuma suka sha kashi biyu: gonakinsu suka nutse a damina, da rani ya zo kuma tafkin da ya fashe ya kasa riƙe ruwan da za su yi ban ruwa ko su sa koma.

Sabon bango zai tare ruwa, amma laka za ta ci gaba da shigowa. Ana iya auna zurfin tafkin da jirgin ruwa da na'urar auna zurfi duk bayan 'yan shekaru, a san ainihin abin da yake ɗauka. Ana iya barin zirin ƙasa a gaɓa ba a nomawa, a dasa jema ko gamba, masu saiwar da ke riƙe ƙasa, a kuma keɓe mashayar dabbobi a shimfiɗa mata dutse. Sai dai zirin nan gonar wani ce, kuma ita ce mafi damshi a duk abin da ya mallaka. Manomin Alau ba zai bar ta ba sai an zauna da shi da bulamansa, an ja masa ruwa zuwa wani fili a kan tudu.