Ba Injin Suka Tsana Ba: Gaskiyar Labarin Masu Fasa Injuna a Ingila

A ƙasar Turawa, in mutum ya ƙi sabuwar fasaha sai a kira shi Luddite, wato wanda kansa bai waye ba. Sunan ya samo asali ne daga masaƙan Ingila da suka riƙa fasa injuna tun daga 1811, kuma an daɗe ana yi musu mummunar fahimta.

Waɗanda suka fara, a yankin Nottingham, masu saƙar safa ne, kuma da injin suke cin abinci. Injin saƙar safa ya shekara sama da 200 a lokacin. To me ya harzuƙa su? Wasu masu gida sun rage ladan aiki, sun ɗauko waɗanda ba su gama koyon sana'ar ba, suna saƙa faffaɗan yadi a yanka a ɗinke, safar da ba ta ƙarko. Cikin dare masaƙan kan shigo da guduma su farfasa injunan irin waɗannan masu gida, galibi su bar na wanda ke biyan haƙƙi ko ƙwarzane babu. Mai ƙin inji ai ba ya zaɓe.

Ga yaƙi da Faransa ya kashe kasuwa, burodi ya yi tsada, doka kuma ta haramta ƙungiyar ƙwadago tun 1799. Ina za su kai kuka?

Gwamnati ta amsa da sojoji. A 1812 fasa injin saƙa ya zama laifin da hukuncinsa kisa ne, a Janairun 1813 kuma aka rataye mutum 17 a birnin York.