Kare Yana Zubar da Gashi a Gida: A Ware Masa Wuri ko a Kore Shi?

Idan hunturu ya ja baya, zafin Maris da Afrilu ya kunno kai, ƙorafin da mu ma'aikatan lafiyar dabbobi muka fi ji a Birnin Kebbi da kewaye shi ne na gashin kare. Uwargida ta share tsakar gida da safe, kafin azahar gashi ya sake taruwa a gindin randa, ya manne a tabarma, har a shanyar kayan yara. Maigida kuma yana son karensa, domin shi ne mai gadin awaki da babur da dare. Daga nan sai gardama ta tashi: ita ta ce a fitar da shi waje, shi ya ce in an fitar da shi wa zai yi gadi.

Amsata ita ce a ware masa wurinsa a cikin gida, kada a kore shi titi. Amma kafin a sayi bulo ko ɗaya, a fara duba fatarsa, saboda zubar gashi iri biyu ce, kuma ɗaya daga cikinsu gini ba ya maganinta.

Akwai zubar da take ta halitta. Kare yana yin gashi mai kauri lokacin sanyi, ya sauke shi idan zafi ya zo. Karnukanmu na gida, irin na mafarauta da na Fulani makiyaya, gashinsu gajere ne, abin da suke zubarwa ba ya da yawa. Waɗanda ke cika gida da gashi su ne karnukan ƙasashen sanyi da masu hali ke saye don gadi, musamman wanda ake kira Alsatian, ɗan asalin Jamus. Gashinsa hawa biyu ne, na sama mai tsauri da na ƙasa mai laushi, kuma na ƙasan ne ke fita dunƙule-dunƙule. Karya ma takan zubar da gashi sosai bayan ta haihu tana shayarwa. A irin wannan, idan ka buɗa gashin za ka ga fata lafiya lau, babu ja, babu ɓawo, kuma gashin yana raguwa ne a ko'ina daidai, ba a wuri guda ba.

Ɗayar kuwa ciwo ce. Kare yana ta susa dare da rana, gefen kunnuwansa da gwiwar hannu da ciki sun yi sanƙo, fata ta yi kauri tana ɓawo: wannan ƙazuwa ce, wata ƙaramar halitta ce da ido ba ya gani take haƙa rami a cikin fata. Tana kama mutane. Yaran da ke rungumar karen za su fara ƙaiƙayi da ƙananan ƙuraje a hannu da ciki, kuma ba za su huta ba sai an yi wa karen magani. Idan kuma gashin ya fita a zagaye kamar kwabo, to a yi zargin makero, wanda shi ma yana komawa kan yara, ya ci musu gashin kai. Sai ƙuma, wadda aka fi ganin ɓarnarta a gindin wutsiya, da kaska da ke cika kunne da tsakanin yatsu. Duk waɗannan suna da magani a asibitin dabbobi, allura ko abin wanka, gwargwadon nauyin karen.

A nan ne nake roƙon jama'a su bar wata al'ada da ta zama ruwan dare, wato shafa wa kare baƙin mai na inji, ko zuba masa maganin feshin gona da ota-fiya-fiya. Kare yana lasar jikinsa. Abin da ka shafa masa, cikinsa zai shiga, wani kuma ta fata yake ratsawa. Ka ga kare yana dalalar da miyau, yana makyarkyata, ya faɗi, mai shi ya ce ai ciwon ne ya kashe shi, alhali maganin ne. Kuma wannan dafin yana nan a gashin da yara ke shafawa.

Abinci ma yana da hannu. Karen da ba ya samun komai sai ƙanzon tuwo da ruwan wanke-wanke, gashinsa zai bushe ya yi ta kakkaryewa. Allah ya hore mana kifi a jihar nan, daga Argungu har Yawuri. Kan kifi da kayan cikinsa, idan aka dafa aka cire manyan ƙayoyi aka gauraya da tuwo ko shinkafa, cikin 'yan makonni za a ga gashi ya fara sheƙi. Sai dai a kula da ragowar miya. Mu mutanen Kebbi ba ma rowar albasa a tukunya, ga Aliero a kusa, amma albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare idan ya ci da yawa ko yana ci kullum.

To, me ya sa nake cewa a ware masa wuri ko da lafiyarsa ƙalau? Gashin da ake gani ba shi ne babbar matsala ba, abin da ke manne da shi ne. Ƙwayayen tsutsar ciki da ke fita a kashin kare suna maƙalewa a gashinsa, musamman wajen gindi da ƙafafu. Akwai wata tsutsa da kare ke ɗauka idan ya ci ɗanyar hanta ko huhun dabba mai ƙulli-ƙullin ruwa, irin wanda mahauta ke yankewa su jefar. Idan ƙwanta ya shiga cikin mutum, irin wannan ƙullin ruwan ne ke tsirowa a hantarsa ko huhunsa, ya yi shekaru yana girma, wani lokaci sai da tiyata. Saboda haka bai dace kare ya riƙa kwanciya kusa da madafi, ko bakin rijiya, ko inda ake shanyar gari da kuɓewa, ko inda jariri ke rarrafe ba. Masu asma da masu yawan atishawa kuma, abin da ke tayar musu shi ne garin fatar karen da miyansa da ya bushe a gashi, don haka ko an share gashin tas, ɗakin da yake shiga ba zai yi musu daɗi ba. Ta fuskar addini ma, malamanmu sun yi bayani cewa an halatta ajiye kare don farauta da tsaron dabbobi da gona, kuma an yi umarni a wanke ƙwaryar da ya sa baki a ciki sau bakwai. Yawancin gidajenmu dama ba sa barin kare ya shiga ɗakin kwana ko ya taka wurin salla, abin da ya rage kawai a ba shi takamaiman wuri maimakon ya yi ta gararamba a tsakar gida.

Wurin nan ne mutane da yawa ke ɓatawa. Sai a haɗa akwatin kwanon rufi a tsakiyar rana, a sa kare a ciki da gajeriyar sarƙa. A Afrilu zafin Birnin Kebbi yana haura digiri 40, kuma kare ba ya gumi ta fata kamar mutum, da haki yake sanyaya jikinsa. Cikin irin wannan akwati, rana ɗaya ta isa ta kashe shi, in kuwa bai mutu ba zai zama mafaɗaci, kuma karen da aka ɗaure kullum ba ya ganin kowa shi ne ke cizon 'ya'yan gida ranar da ya kuɓuce. A zaɓi lungu mai inuwa, ƙarƙashin darbejiya ko rumfar zana, inda iska ke ratsawa, kusa da ƙofar gida ko garken dabbobi tunda gadi ne aikinsa. A yi daɓen siminti mai ɗan gangare don ruwan wanki ya wuce, ya zama nesa da rijiya kuma ba ta wajen da ruwa ke gangarawa zuwa gare ta ba. A shafe bangon sumul, domin kaskar kare a tsagar bango take ɓuya ta zuba ƙwai dubbai, shi ya sa za ka wanke kare yau, bayan mako ka gan shi cike da ita. Ya samu kwanon ruwansa da na abincinsa waɗanda ba sa haɗuwa da kwanukan gida, da buhu ko tsohon bargo da za a riƙa wankewa ana shanyawa a rana. Da yamma ko da dare a sake shi ya zaga cikin gida.

Gashin kansa aikin minti goma ne. A samu buroshi ko mataji nasa shi kaɗai, a riƙa taje shi a wurinsa kullum a lokacin zubar, a tattara gashin a binne ko a ƙone, sannan a wanke hannu da sabulu. Abin da ka cire da mataji ba zai iso tabarma ba. A yayyafa ruwa kafin shara don kada iska ta ɗauke shi. Wanka sau ɗaya ko biyu a wata ya isa, kuma ban da Omo, yana busar da fata. Masu Alsatian kada su aske shi ƙwal da sunan tausayi, gashin saman ne ke kare fatarsa daga rana.

Korar kare waje kuwa ba ta raba gida da shi. Zai je bola da mahauta ya ci abin da ya samu, ya yi faɗa da karnukan da ba su da mai su, da dare ya dawo ƙofar da ya saba. Ta nan ne ciwon haukan kare ke shigowa gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, babu magani. Ana yi wa ɗan kwikwiyo allurar rigakafi daga wata uku, a riƙa sabuntawa duk shekara, a kuma adana katin. Maganin tsutsa duk wata uku ga babban kare. Idan ya ciji wani ko ya yakushe shi, ko karen gida ne, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar, kada a tsaya neman mai tofi ko shafa wani abu a ciwon. Karen kuma a tsare shi a wurin nan da aka ware masa har kwana goma, a sanar da ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma su zo su duba shi.