Me ake yi a gandun unguwa idan ƙanƙara ta rufe ƙasa? Tambayoyi kan hunturun Minesota

Bahaushe in ya ji an ce hunturu, abin da ke zuwa masa shi ne hazo da kaushi da faso, sai lambun fadama da ya cika da albasa da tumatir. A jihar Minesota da ke arewacin Amurka kuwa, ƙasa ce ke daskarewa ta koma kamar dutse tun daga Disamba har cikin Maris. Duk da haka akwai wasu ƙananan gandun daji na cikin gari da ba sa rufe ƙofa.

Wane irin wuri ne wannan?

Fili ne da aka keɓe a gefen unguwa, mai itatuwa da tafkuna da 'yan hanyoyin ƙafa, da ɗakin koyarwa. Misali shi ne Dodge Nature Center da ke garin West St. Paul, wanda wata mata mai suna Olivia Irvine Dodge ta kafa a 1967. Akwai gona da dabbobin gida a ciki, akwai makarantar ƙananan yara, kuma shiga yawo kyauta ne.

Sanyin ya kai yaya?

A watan Janairu matsakaicin yanayin wannan yanki yakan tsaya wajen digiri 9 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyos. Ranar 2 ga Fabrairun 1996, kusa da garin Tower a arewacin jihar, an auna 51 ƙasa da sifili. Yini ma gajere ne: a ƙarshen Disamba hasken rana ba ya kai awa 9.

To ina namun daji suke shiga?

Nan ne abin mamaki yake. Wanda ya san gaiwa, yadda take binne kanta a busasshen taɓo ta jira damina, zai gane dabarar wani kwaɗon daji na can. Shi yana shigewa ƙarƙashin busassun ganye ne, ya bari jikinsa ya daskare. Numfashi ya tsaya, zuciya ta daina bugawa. Kafin hakan hantarsa takan zuba sukari mai yawa a jini, shi ke hana ƙwayoyin jikinsa fashewa. Bazara na zuwa ya narke, ya yi tsalle ya nufi kududdufi kamar ba a yi komai ba.

Kififiya kuma gindin tafki take kwanciya, ƙarƙashin ƙanƙara, tana samun ɗan iskan da take bukata daga ruwa ta fatar jikinta. Ɓeraye suna haƙa hanyoyi tsakanin ƙasa da dusar ƙanƙara, domin dusar bargo ce: ko da waje ya kai 20 ƙasa da sifili, can ƙasa yana nan kusa da sifili. Sai dai mujiya da yanyawa suna jin motsinsu daga sama. Da safe malamin gandu kan tsayar da yara a kan sawu: ga 'yan ɗige-ɗigen ƙafar ɓera sun taho a jere, sai suka yanke, ga shatar fukafukai biyu a kan dusar. Ba sai an yi wa yaro bayanin abin da ya faru da dare ba.

Mai lambu fa, zaman jira yake yi?

Ko kusa. Tafarnuwa tun Oktoba ake binne ta, a lulluɓe da ciyawa, ta kwana a ƙasa duk hunturu, a tone ta a Yuli. In ba ta sha sanyin nan ba, ba ta rarrabuwa ta yi 'ya'ya yadda ya kamata. Haka irin furannin daji da yawa na yankin: sai sun yi wata guda ko fiye cikin sanyi da danshi kafin su yarda su tsiro.

Shi ya sa a Janairu za ka ga ana koya wa mutane wata dabara mai arha. A samo farar robar madara, a huda gindinta, a yanka ta a tsakiya, a zuba ƙasa, a yafa iri, a manne da salatif, a cire murfi, a ajiye a waje dusa ta yi ta zuba a kai. Irin da kansa ya san lokacin tashi. Tumatir da barkono su ba sa jure wannan. A cikin ɗaki ake rainonsu ƙarƙashin fitila wajen Maris ko Afrilu, dashe sai Mayu. A ganina wannan ne babban bambancinmu da su: mai lambun Kadawa ruwa yake lissafi, na Minesota ranar da sanyi zai ɗauke.

Da gaske ana tafiya a kan tafki?

Ana yi, har kamun kifi ta ramin da aka huda. Hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar ta ce sai sabuwar ƙanƙara mai garai-garai ta kai kaurin inci 4, wato santimita 10, kafin mutum ya taka. Farar ƙanƙara mai haɗe da dusa rabin ƙarfin waccan gare ta. A kan tudu kuma ana ɗaura wani faffaɗan takalmi mai kama da faifai, wanda ke hana ƙafa nutsewa. Asalinsa na 'yan asalin ƙasar ne. Masu son tsuntsaye kuma a hunturu suke ƙidayar tsuntsaye ta shekara-shekara, wadda aka fara tun 1900, daga 14 ga Disamba zuwa 5 ga Janairu.

Baƙon da bai saba ba, me zai sa?

Tufa bisa tufa, kuma kada auduga ta taɓa fata, don tana riƙe gumi ta sanyaya jiki. Ulu ya fi. A rufe kunne da yatsu, su sanyi ke fara ci.

Yaushe ake gane hunturu ya fara sallama?

In dare na daskarewa rana kuma na narkewa, galibi a Maris, ruwan itacen mapul ya fara gudu. A huda gindin itacen, a cusa ɗan bututu, a rataya bokiti, ka ji ɗis, ɗis. Ruwan kusan salam yake, zaƙinsa kaɗan ne. Sai an tafasa galan 40 kafin a samu galan 1 mai kauri kamar zuma. Ƙabilun Dakota da Ojibwe, 'yan asalin yankin, sun san wannan sana'a tun kafin Turawa su iso, kuma har yau yara kan kewaye tukunyar a gandu, ƙafa cikin dusa, kowa riƙe da cokali.